GANDOKI DA KILBA: TARIHIN YAƘI DA KIMIYYA A ƘAGAGGUN LABARAN HAUSA

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin marubutanmu, musamman masu tasowa, wai ƙagaggen labarin kimiyya ba namu ba ne, na Turawa ne, domin su ne masu kumbo da na'urori, mu kuwa aljanu da dodanni muka gada. Wasu ma kan ƙara da cewa mutumin da ake kora daga gonarsa da bindiga ina shi ina labarin taurari. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihi daki-daki, ta nuna wa mai karatu cewa irin wannan labari yana da tushe a adabinmu tun 1969, kuma kayan da ake gina shi da su, wato yaƙi da sabon makami da riƙon amana tsakanin masoya, suna nan jibge a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo tun 1903.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san abin da ake nufi da ƙagaggen labarin kimiyya. Labari ne wanda abin mamakin da ke cikinsa ya samo asali daga ilmin halitta ko ƙere-ƙeren ɗan Adam, ko da kuwa abin bai riga ya faru ba. Idan tauraro ya tashi sama a bayan aljani, wannan labarin ban-al'ajabi ne. Idan kuwa ya tashi cikin wani abin hawa mai mai da ƙa'idar tafiya, wanda zai iya lalacewa a hanya, to an shiga fagen kimiyya.

Gasar 1933 da Gandoki

Kowane ɗalibin adabi ya san cewa a 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda aka yi rabon jigogi tun daga wannan rana. Jiki Magayi ya ɗauki soyayya da ramuwar gayya, a kan saurayin da attajiri ya ƙwace wa budurwa. Shaihu Umar ya ɗauki ƙaunar uwa wadda ta ratsa hamada tana neman ɗanta a zamanin bauta. Yaƙi kuwa, Ganɗoki aka bar wa.

Ganɗoki barde ne na Kwantagora, ƙasar Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wadda Turawa suka ci a farkon 1901. Kashi na farko na littafin tarihi ne kusan tsantsa: gwabzawa da Nasara, da faɗuwar garuruwa, da bin ayarin Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas. Daga nan sai Malam Bello Kagara ya ɗauke tauraronsa tare da ɗansa Garba Gagare ya kai su ƙasashen aljanu, inda takobi da mashi suke da sauran amfani, suka yi ta cin nasara. Da suka komo gida bayan shekaru, sai suka tarar duniya ta juya, mulkin Turawa ya kafu, yara suna karatun boko.

A nan akwai abin lura. Marubucin ya san sarai cewa jarumtakar Ganɗoki ba ta iya yin komai a gaban bindiga mai ruwa. Da yake ba ya son ya kashe tauraronsa, kuma ba ya son ya yi wa tarihi ƙarya, sai ya fitar da shi daga duniyar da na'ura ta yi rinjaye, ya kai shi inda babu ita. Wato a littafin yaƙi na farko da aka rubuta da Hausar boko, na'ura ce ta kori jarumi daga filin daga, amma ba a tsaya an dube ta ido da ido ba.

Abin da ya faru a Giginya

To, mece ce wannan na'ura, kuma me ta yi wa mutanen wannan yanki? Ranar 15 ga Maris, 1903, rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. Turawa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa ƙirar Maksim, wadda ke amayar da harsasai ɗaruruwa cikin minti guda. Kafin rana ta take an tashi daga yaƙin. Su kansu Turawan sun rubuta yadda wasu tsirarun mutane suka tsaya a gindin tuta suka ƙi gudu har aka ƙarar da su. Wani abin da ke sosa rai kuma shi ne, da yawa daga cikin sojojin da suka riƙe wa Turawa bindiga a ranar Hausawa ne.

Bayan an watse, sai jama'a ta rabu biyu a kan tambaya guda: mene ne riƙon amana a irin wannan rana? Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, dubban mutane suka bar gidajensu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Waziri Buhari kuwa, shi da waɗanda suka taru a Marnona ta ƙasar Wurno, suka ga cewa idan manya duk suka tafi, talakawa za su zama garken da babu makiyayi, saboda haka suka komo Sakkwato suka zauna ƙarƙashin Nasara. Abin ya dami Waziri ƙwarai, har ya rubuta risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana hujjarsa. Mai karatu ya auna da kansa: a cikin gidaje nawa aka yi wannan gardama tsakanin miji da mata, ɗaya na cewa a ɗaura kaya, ɗaya na cewa ina za a kai tsofaffi da jarirai? Tarihi ya adana mana hujjar sarki da ta waziri. Ta sauran jama'a kuwa aikin mai ƙaga labari ce.

Abin sha'awa, shekara biyar kacal kafin Giginya, wato a 1898, wani marubucin Ingila mai suna H. G. Wells ya fitar da littafinsa The War of the Worlds, wanda ake lissafawa cikin iyayen ƙagaggun labaran kimiyya. A ciki wasu halittu ne daga duniyar Mirriku suka sauka a Ingila da makaman da sojan Ingila bai taɓa gani ba, suka yi ta ƙone garuruwa. Tun a babin farko Wells ya tunatar da mutanensa abin da su Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya, domin su gane cewa abin da ya ƙaga ɗin, wasu al'ummu sun riga sun ɗanɗana shi a hannunsu. Zaren da ya riƙe labarin kuma mai sauƙi ne: mai ba da labari ya kai matarsa wajen dangi don ta tsira, yaƙi ya raba su, ya yi ta fama bai san ko tana da rai ba, sai a ƙarshe suka gamu. Abin da Wells ya zauna ya ƙaga, kakanninmu a Giginya da ido suka gan shi.

Kilba ya tafi sama

Kimiyya ta shigo rubutun Hausa ne ta ƙofar makaranta. Daga ƙarshen shekarun 1940 East da Abubakar Imam suka fito da jerin littattafan Ikon Allah, masu bayanin halittu da tsirrai da sararin samaniya. Sunan kansa ya nuna dabarar da aka yi amfani da ita, wato a gabatar da ilmin zamani a matsayin duba cikin halittar Ubangiji, don kada iyaye su ƙyamace shi. Bahaushe kuwa dama ba baƙon sama ba ne. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi ya san Gamzaki, yara ma sun san Zara matar wata.

Sannan sai zamanin tseren zuwa sama ya zo. Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 1957. Da Amurka ta shiga aika mutane su kewaya duniya a farkon shekarun 1960, ɗaya daga cikin tashoshin da ta kafa don bin sawun kumbunanta da yin magana da matuƙansu a Kano take. A ranar 20 ga Yuli, 1969, ɗan Adam ya taka wata. A wannan shekara ce kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, littafin da manazarta ke ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko da Hausa. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sama mai suna Ƙolin Ƙoliyo ya ɗauka ya zaga da shi sararin samaniya, ya ga abubuwan mamaki, ya komo ya ba da labari.

Idan muka jera Kilba da Ganɗoki za mu ga tazarar da adabinmu ya yi cikin shekara 35. Dukansu sun bar gida sun shiga wata duniya sun dawo. Amma Ganɗoki gudun na'ura ya yi, Kilba kuwa hawanta ya yi. Sai dai kada mu manta da abin da ake ciki a ƙasa a lokacin. Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 Nijeriya na cikin yaƙin basasa, samari daga kowane lungu na Arewa sun shiga soja, mata da yawa suna zaman jiran wasiƙa daga bakin daga. Littafin Dembo ya fito a tsakiyar wannan hali, amma idonsa na sama, kuma yara ya nufa da shi. Wannan ba aibi ba ne ga marubucin, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da kawai ya nuna shi ne, kimiyya ta shigo adabinmu ita kaɗai, ba ta riƙo hannun yaƙi ko soyayya ba.

Soyayya ta kama kasuwa

Bayan gasar NNPC ta ƙarshen shekarun 1970, an buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980. A So Aljannar Duniya, bayan adawar dangi, abin da ya shiga tsakanin Boɗaɗo da Yasir aljana ce. Gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta haifar da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, wanda ya taɓo ɓarnar da ta biyo bayan yaƙin basasa, lokacin da makamai da waɗanda suka iya harba su suka bazu cikin gari.

Daga tsakiyar shekarun 1980 sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Aka yi ta muhawara a jaridu kan abin da wasu suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Ko me mutum zai ce game da waɗannan littattafai, sun koya wa dubban mata da matasa karatun Hausa, sun kuma ƙware wajen nuna zuciyar masoyi. Sai dai galibi abokin gabar soyayya a cikinsu auren dole ne, ko kishiya, ko kuɗi. A gefe guda kuma aka sami littattafan yaƙi na sadaukai da matsafa da takubba, waɗanda jikokin kashi na biyu na Ganɗoki ne. A 2016, da Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata, labarin da ya zo na ɗaya shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Wannan alama ce cewa yaƙin zamaninmu ya fara shiga alƙalamin mata marubuta.

Darasi daga wani tsohon soja

Domin mu ga abin da ke faruwa idan aka tufka waɗannan igiyoyi wuri guda, bari mu leƙa Amurka. Joe Haldeman ya yi yaƙin Biyetnam, aka ji masa rauni, ya koma gida ya tarar mutanensa ba su damu da abin da ya gani ba. A 1974 ya fitar da The Forever War. Tauraronsa, William Mandella, soja ne da ake aikawa yaƙi da wasu halittu a taurari masu nisa. Marubucin ya ɗauki ƙa'idar nan ta Einstein, cewa wanda ke tafiya da gudun da ya kusa na haske, lokaci na tafiya a hankali gare shi fiye da wanda ke zaune. Saboda haka Mandella kan yi 'yan watanni a bakin daga, ya dawo ya tarar shekaru masu yawa sun shuɗe a gida. Mutum ɗaya tak ya rage masa wadda ta san duniyar da ya sani, wato abokiyar aikinsa Marygay Potter. Ranar da hukumar soja ta tura su rundunoni dabam-dabam, sun san ko da duka sun tsira, ƙarnuka za su shiga tsakaninsu. Yaƙin ya wuce shekara 1,000, a ƙarshe aka gane rashin fahimtar juna ne ya haddasa shi. Marygay kuwa ta shiga wani jirgi mai kai da komo da matsanancin gudu don kada ta tsufa kafin ya dawo.

Abin koyi a nan shi ne, kimiyyar ba ado ba ce a labarin. Ita ce ta raba masoyan, ita ce kuma ta ba Marygay hanyar cika alkawari, bisa tsadar rabuwa da kowa nata. Cire ƙa'idar Einstein, labarin ya rushe. Kuma duk wanda ya karanta Ganɗoki zai gane ciwon Mandella, ciwon mayaƙin da ya komo ya tarar ƙasar da ya yi wa yaƙi ta zama wata.

Kayan aikin da ke ƙofar gidanmu

Mu dawo gabashin Sakkwato. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa don tsaron iyaka, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Wato tun asali zaman wannan yanki zaman bakin daga ne. A zamaninmu kuma, a Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni ta gundumar Gandi a Rabah, jama'a suka kwarara zuwa Gandi. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Goronyo da Rabah, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Ana cikin haka, ranar Lahadi 17 ga Oktoba, aka kai hari kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Mu da ke Taloka mun san yadda dare ke tsawo ga matar da mijinta ya tafi cin kasuwa, wayarta na hannunta da caji, amma babu wanda za ta iya kira.

Ga kuma madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984, mai ɗaukar ruwa mita miliyan 942 na awon cibi. A 2010 ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a ƙasanta, a 2018 kuma ruwan ya janye har Sakkwato ta shiga fargabar ƙishirwa. A can Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi bisa kuskure, aka rasa rayuka fiye da 80. Waya, madatsa, jirgin da babu kowa cikinsa: kowanne na'ura ce da wani ke riƙe da makunninta daga nesa, kuma rayuwar talaka na rataye a kanta.

A aji, idan na ba ɗalibaina jingar ƙaga labari a kan shekara 50 masu zuwa, akasarinsu kan kai ni Amurka ko wata duniya, da taurari masu sunayen da ko su ba su iya furtawa. Nakan ce musu su tsaya a Rima. A ce a shekarar 2070 ruwa ya yi ƙaranci, garuruwan sama da madatsa da na ƙasanta sun ja daga. Saurayi ma'aikaci ne mai kula da na'urar da ke buɗe ƙofofin ruwa, budurwarsa kuma tana ƙauyen da aka ba shi umurni ya hana wa ruwa. Biyayya ga hukuma na gefe guda, amanar da ke tsakaninsa da ita na ɗaya gefen. Wannan ita ce tambayar Marnona, ta sake dawowa cikin sabuwar riga.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa masu sha'awar wannan fage ba ta da yawa. Da farko, a san na'urar da za a rubuta a kanta kamar yadda maƙeri ya san zuga-zuginsa: wa ya mallake ta, me take ci, ina iyakar ƙarfinta. Aljani na iya yin komai a duk lokacin da marubuci ya ga dama, shi ya sa mai karatu ba ya jin tsoro na gaske. Na'ura kuwa tana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce ke matse tauraro har ya zaɓi abu ɗaya ya rasa ɗaya. Na biyu, kada a mai da ɓangare guda shaiɗanu zalla. Waziri Buhari da Sarkin Musulmi Attahiru kowannensu amana yake ganin ya riƙe, kuma da ɗayansu maci amana ne da ba mu kai yau muna tattauna zancensu ba. Na uku, a kiyaye mutuncin waɗanda abin ya shafa. Makoki bai ƙare ba a gidaje da yawa na Goronyo da Rabah, kuma ɗaya daga cikin amfanin kai labari zuwa shekaru masu zuwa shi ne a faɗi gaskiyar yau ba tare da an fama wa kowa miki ba.

Bello Kagara ya bar mana mayaƙi, Umaru Dembo ya bar mana kumbo, marubutan Kano da Funtuwa sun bar mana masoya. Fiye da shekara 50 ke nan da tafiyar Kilba. Ina fata kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla, wani daga cikin membobinmu zai aiko wa edita babin farko na labarin da zai haɗa su. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.